Goman Da Ba Ta Dawo Ba

"Ɗauke ƙafarki daga kan keken nan ki saurare ni, Saloma. Ko da bango nake magana?"

Saloma ta tsayar da keken ɗinkin, amma ba ta ɗago kai ba. Rigar Babanta take ƙarasawa, wadda zai sa gobe, kuma ta san abin da ya shigo da Mama Theresa ɗakin. Tun da aka fara girbi ba su da wata hira a gidan sai wannan.

"Ina jin ki, Mama."

"Ba ki ji na. Da kina ji na da tuni kin fita harkar wanga yaro. Mi kika gani a jikin Mika? Fartanya, ko kaushin ƙafa?"

"Mama, damina bakwai ya yi a gonar Baba."

"To sai mi? Jakinmu ma ya yi goma, kin ga an ba shi mata?"

Maganar ta soki Saloma har cikin rai. Damina bakwai fa, ba kwana bakwai ba. Golmo ke nan, al'adar ƙasar Zuru tun kaka da kakanni, saurayi ya tattaro abokansa su yi wa uban budurwa noma shekara da shekaru, in ya cika a ba shi matarsa. Gidajen masu zuwa coci da yawa sun saki abin. Amma da Mika ya zo neman Saloma, maraya, ba saniya ba akuya, Baba Haggai da bakinsa ya ce masa, "Ba ka da kuɗi, amma kana da ƙarfi. Ka yi min yadda na yi wa uban Theresa."

Mika ya ce ya ji ya gani. Ya yi sharar gona, ya yi huɗa, ya yi noman fari da maimai. Kunama ta harbe shi a gonar nan, ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi. Saloma kuma ta zauna jira, har ƙannen ƙawayenta suka yi aure suka goya. Gobe ce ranar ƙarshe. An gama sussukar dawa, za a yi wa 'yan golmo tuwo, sannan Baba Haggai ya miƙe a gaban dangi ya ce aiki ya cika.

Ana cikin haka ne Kofur Joel ya dawo daga aikin soja a Laberiya, da sabon babur da wayar hannu mai waƙa, a garin da sai ka hau dutse kafin wayar ta kama. Ya ga Saloma cikin mawaƙan coci, shi ke nan ya tare a gidansu. Yau buhun shinkafa, gobe turmin atamfa, jibi kwanon rufi. Duk wanda ya shigo gidan yanzu, ƙyallin sabon kwano a kan ɗakin Baba Haggai ne ke fara yi masa maraba.

Sai dai tsohon ya tsaya a kan magana ɗaya. "Ni ba na cin gumin mutum," in ji shi. "Sai fa in an kama shi da sata ko tsafi."

Mama Theresa ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna, ta sassauta murya. Sanyin muryarta ya fi tsawarta ban tsoro.

"Ɗiyata, ba talaucinsa ke hana ni barci ba. Kin san abin da ake faɗi a kasuwa? An ce Mika yana janye kuɗi."

"Mama!"

"Kar ki yi min ihu. Mai daddawar da ke kusa da ni, ranar da ya sayi ta naira goma a wurinta, da yamma ta kwance lalita ta tarar babu ɗari biyu. Yanzu duk layinmu ba wadda ba ta sa barkono da gawayi cikin kuɗinta in ta hango shi. Ni kaina na ga abin da ya yi a taron matasa. Kuɗi a cikin ƙwarya, kowa na kallo, suka tashi suka shiga aljihun mai ganga. Wanga aikin ɗan Adam ne?"

Abin kuwa ba wani abu ba ne. Mahaifin Mika tsohon soja ne, bai bar masa komai ba sai wani tsohon wasan ƙwaƙwalwa na bariki, na mutum uku da suka ci tuwo a buka, aka zo lissafi naira goma ta ɓace. Mika ya yi ta faɗinsa a dandali har aka gaji da shi, don duk wanda ya natsu zai gano ba abin da ya ɓace, baki ne kawai ya karkatar da lissafin. Wata rana wani ya ce masa, "Kai, zube kuɗin a ƙasa mu ƙirga, ƙaryarka ta ƙare."

Maganar ta tsaya wa Mika a rai. To me zai hana in an ƙirga ɗin a tarar da gaske babu? Ya shafe damina guda, duk lokacin da aka zauna hutu a gona, yana koya wa yatsunsa naɗe ganye su ɓoye shi a tafin hannu. Da hannu ya faɗa, sai abu ɗaya ya rage masa, wanda zai karɓi takardar ya kai ta inda za a same ta. Wa zai amince wa in ba Saloma ba? Ita ce mai kawo faifan rufe ƙwarya. Tana miƙa faifai yana sakar mata takardar ta ƙarƙashi, ta wuce abinta kamar ba ita ba.

A duk duniya wannan ne kaɗai abin da yake nasu su biyu. Yatsunsu su haɗu a ƙarƙashin faifai, a gaban mutum ɗari, ba wanda ya sani. Ranar da ya koya mata ya ce, "Saloma, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ko Fasto ne ya tambaye ki, ki ce ba ki sani ba." Ta yi masa alkawari.

Amma yanzu ga uwarta tana kiransa matsafi, ga gobe ta matso.

"In Babanki ya ji abin da ake faɗi," in ji Mama Theresa, "kin san maganarsa. Ni kuma ba zan rufe bakina in bar maye ya ɗauke min ɗiya ba. Yau zan faɗa mishi."

Saloma ta zame daga kujerar keke ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Mama, don girman Allah ki rufa mana asiri. Wallahi ba tsafi ba ne."

"To mi ne ne?"

"Dabara ce kawai."

"Dabarar uban wa? Ke kin taɓa ganin takarda ta yi fiffike?"

"Ni ce fiffiken, Mama!" Kuka ya ƙwace mata. "Ni nake karɓa. In na kawo faifai sai ya sa min a hannu, ni kuma in kai inda muka shirya. Ni na sa ta a aljihun mai ganga. In tsafi ne, to ɗiyarki ce matsafiyar. Mama, ina son shi. Ban taɓa son wani ba, ba kuma zan so ba. Ya ba Baba ƙuruciyarsa duka saboda ni. Ki ji tausayinmu."

Mama Theresa ta zuba mata ido. Can sai ta tafa hannu ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ke ce? A ƙarƙashin faifai? Kai, yaran zamani! Ashe wasan yara ne ya hana ni barci." Ta jawo Saloma jikinta, ta share mata hawaye da bakin zane. "Tashi, ya isa. Abin da za a yi, gobe ya yi wasan a gaban Babanki da dangi, a yi dariya, kowa ya ga kuɗin sun dawo, bakin 'yan kasuwa ya mutu. Ki faɗa mishi ni na ce."

Haƙorin dariya shi ke cizo, amma wace 'ya ce ke tsayawa duba haƙorin uwarta? Saloma ta rungume ta tana godiya.

Da la'asar ta same shi a bakin rijiya yana wanke ƙafa. Dogo ne baƙi, kafaɗunsa sun buɗe da noma, in ya yi murmushi sai ya koma kamar yaro.

"Mama da kanta ta ce?" Ya riƙe guga ya manta da shi a hannu. "Saloma, kin tabbata? Matar da ko gaisuwata ba ta amsawa?"

"Ta sauko, Mika. Allah ya ji kukanmu."

"To bari mu faranta wa Baba rai. Kin san in zai yi addu'ar abinci yana cire hula ya ɗora a kan turmi, ya manta da ita sai an watse. A ciki za ki sa. In ce albarkar ta sauka a kan mai gida."

Ta yi dariya. Ta buɗe baki za ta faɗa masa abin da ta gaya wa uwarta, sai ta ga yadda fuskarsa ke haske, ta haɗiye. Ta ce a ranta, gobe in an gama ta faɗa masa su yi dariya tare.

*

Washegari tun kafin rana ta take, gidan ya cika. Dangin Baba Haggai sun zo daga Danko, na Mama Theresa daga Kanya. 'Yan golmo sun jeru a gindin mangwaro, kowa ya sha wanka. Aka yi addu'a, aka ci tuwon dawa da miyar kuka da naman akuya, kunu yana zagayawa. Hular Baba Haggai tana kan turmi a bakin madafa.

Ana cikin suɗe kwano sai ga ƙarar babur. Kofur Joel ne da abokansa biyu, sojoji 'yan hutu. Ba wanda ya gayyace su a sanin Saloma, amma Mama Theresa ta riga ta ajiye musu kujeru da cinyar akuya.

"Mika, ɗana," ta kira da ƙarfi, kowa ya juyo, don ba a taɓa jin ta ce masa ɗana ba. "Kafin Babanku ya yi magana, yi mana wasan nan naka mu gani."

"Ni zan ba da kuɗin," in ji Joel. Ya zaro damin sababbin 'yan goma-goma ya jefa a tabarma. "Na san a nan sai an yi karo-karo kafin a haɗa ɗari uku."

Mika ya shiga tsakiyar fili da ƙwarya a hannu, kuma nan take ya zama wani mutum dabam. Mai kunyar nan da ba ya iya haɗa ido da surukai ya ɓace. Ya kira dattawa uku daga cikin baƙi, ya ba kowa takarda goma ya ƙirga da hannunsa ya zuba a ƙwarya. Ya zaro ɗaya daga cikinsu ya miƙa wa Joel.

"Ranka ya daɗe, sa mata alama, kar a ce na musanya."

Joel ya zaro biro ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, ya jefa ta a saman sauran.

"A kawo min faifai in rufe, kar iska ta yi mana sata."

Saloma ta taso da faifai. Ta miƙa, yatsunsa suka taɓa nata, takardar ta shige tafinta a naɗe. Ta juya ta nufi madafa, a bayanta tana jin muryarsa ta tashi.

"Jama'a, waɗannan iyayen nawa uku matafiya ne. Yunwa ta koro su bukar wata mai tuwo. Suka ci suka yi nak, kowa ya biya ɗari. Nawa ke nan?"

"Ɗari uku!" aka amsa.

Saura taku kaɗan ta kai ga turmi, sai ta ji an damƙe mata wuyan hannu an fizge ta cikin madafa. Mama Theresa ce. Ta kama yatsun Saloma ta fara banƙare su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɓare gyaɗa.

"Mama, mi kike yi?"

"Saki."

"Mama, don Allah! Mama, ki bari, zai ji kunya!"

Ta murɗe mata ɗan yatsa har sai da ya yi ƙara. Takardar ta fita. Mama Theresa ta ƙulle ta a haɓar zaninta, ta matso da fuskarta dab da ta 'yarta.

"Ki buɗe baki ki gani. Nonon da kika sha zan ɗaga miki a gaban mutane. Fita ki zauna kusa da ni."

Ta turo ta waje, ta zaunar da ita a tabarmar mata, hannunta na kan cinyar Saloma, farce ya nutse cikin nama.

A fili kuwa Mika ya yi nisa, ana ta dariya. Ya ɗaura wa wani abokinsa ɗankwali ya zama mai tuwo, wani kuma ya zama 'yar aikinta.

"Bayan sun tafi sai mai tuwo ta ce, kai, na cuci bayin Allah, ɗari biyu da hamsin ne kuɗinsu. Ke yarinya, ungo hamsin, bi su ki mayar musu." Ya ɗaga faifai ya zaro takarda biyar ya ba 'yar aikin. "Ita kuma ja'irar ta ce, hamsin ba ta rabuwa uku, bari in rage musu wahala. Ta soke ashirin a zani, ta ba kowa goma."

Dattawan uku suka karɓi goma-gomansu suna washe baki.

"To, Baba, ka ba da ɗari an dawo maka da goma. Nawa ka biya?"

"Casa'in."

"Casa'in sau uku, ɗari biyu da saba'in. Da ashirin ɗin da yarinya ta soke, ɗari biyu da casa'in." Ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a. "Ina goma?"

Wuri ya kaure. Masu ƙirga da yatsu na yi, masu zane a ƙasa na yi. Wata tsohuwa daga Danko ta rantse mai tuwo ce ta cinye. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "A'a, yaro, wayon baki ne. Ai ashirin ɗin tana cikin abin da muka biya. Kuɗi suna nan cif."

"Haka ne, Baba? To a tara a ƙirga."

Aka tara na ƙwarya da na dattawa da na 'yar aiki. Dattijon da kansa ya ƙirga, yana lasar yatsa. Ya tsaya. Ya sake ƙirgawa.

"Ashirin da tara," ya ce, muryarsa ta sauya. "Kuma mai sunan ce babu."

Aka yi ta salati da kiran sunan Yesu. Mika ya yi murmushin nan nasa, ya juya ya rusuna a gaban Baba Haggai.

"Kuɗi sun san mai albarka. Baba, a ɗauko maka hularka ka duba."

Saloma ta yunƙura, farcen ya ƙara nutsewa. Ta girgiza masa kai, ta girgiza, amma bai kalli wajen mata ba. Dokarsu ce, ba ya kallonta in ana wasa.

Aka miƙo hular. Baba Haggai ya leƙa, ya zura hannu, ya kife ta ya kakkaɓe.

Ba komai.

"A duba cikin naɗin," in ji Mika, har yanzu da sauran murmushi. Aka duba. Ya je da kansa ya leƙa cikin turmi, ya duba ƙarƙashinsa, ya duba ƙasa. Da ya miƙe, murmushin ya tafi. Sai a lokacin ya dube ta. Ya ga hawaye, ya ga hannun uwarta a kan cinyarta, ya mayar da idonsa ƙasa.

"Malam, ina kuɗina?" Joel ya miƙe a hankali.

"Ranka ya daɗe, kuskure aka samu. Zan biya ka gomarka."

"Goma?" Joel ya shafa aljihun baya, ya shafa na gaba, ya buɗe ido. "Kai! Dubu goma na shigo da su gidan nan! Ina suke?"

"Wayyo Allah!" Mama Theresa ta zabura tana lalube ƙugunta. "Kuɗin dawata! Jama'a, kowa ya duba nasa! Na faɗa, na faɗa ba a ji ba!"

Kai, tsoro ba shi da kunya. Matan da yanzun nan suke dariya har da hawaye, kowace ta hau kwance lalita. Wata ta ce nata sun ragu, wata ta ce ai tun da ya shigo take jin sanyi a ƙugunta. Dattijon da ya ƙirga kuɗin ya hau goge yatsunsa a ƙasa. Kalmar ta fito daga wani baki a baya, kafin ka ce kwabo ta zagaye gidan.

"Maye!"

Abokan Joel suka kama Mika ta baya. Suka yage rigar da ya ajiye tun bara don wannan rana, suka zazzage aljihunsa, ba komai sai ɓarin goro. Suka tuɓe shi ya rage daga shi sai gajeren wando, a gaban surukai, a gaban yara. Joel ya kwance bel ɗinsa mai kan ƙarfe. 'Yan golmo suka yunƙura, sai iyayensu mata suka riƙe su, kowace na jan nata. Mutanen da suka yi shekara bakwai suna cin tuwo a kwano ɗaya da shi suka tsaya suna kallon ƙasa.

"Ina ka aika su?" Bel ya sauka a bayansa.

"Ba tsafi ba ne. Dabarar hannu ce."

"Kai kaɗai? Wa ke taya ka?"

Mika ya san gidan da yake. Duk wanda ya ambata, kalmar nan za ta manne masa shi ma har kabari.

"Ba kowa," ya ce.

Joel ya jefar da bel ya sa hannu. Naushi na biyu ya fasa masa baki.

"Ni ce!"

Saloma ba ta san lokacin da ta fizge ba. Ta faɗa tsakiyar fili ta kife a kan Mika.

"Ni ce nake taya shi! Ni ya ba takardar a ƙarƙashin faifai! Zan kai ta cikin hular Baba, Mama ta ƙwace! Tana haɓar zaninta, ku duba! Baba, ka sa a duba!"

Sai Mama Theresa ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla ƙara, ta zube a gaban mijinta tana birgima.

"Kun ji! Kun ji da kunnenku! Ya shanye min ɗiya! Ni Theresa, yau ɗiyar cikina ke kira na ɓarauniya a gaban 'yan'uwana! Wanga ba bakinta ba ne, jama'a, ba bakinta ba ne!"

"Ashsha," in ji matan Kanya. "Ya gama da ita."

Saloma ta rarrafa ta cafki haɓar zanin ta ja da iya ƙarfinta. Ƙullin ya kwance. Mata suka yi caa a kanta suna ɓamɓare ta, jikinsu ya kare wa jama'a gani, amma ita ta gani. Takardar ta faɗo a naɗe, da shuɗin rubutun biro a gefenta, ta tsaya dab da ƙafar Baba Haggai.

Tsohon ya sunkuyar da kai ya dube ta. Ya dubi matarsa da ke birgima. Ya ɗaga ido sama, wajen sabon kwanon ɗakinsa. Sannan ya ɗaga takalminsa a hankali ya ɗora a kan takardar.

"Ya isa," ya ce. "Ku sake shi."

Aka saki Mika. Ya miƙe da ƙyar, jini na bin haɓarsa, ya zo ya durƙusa a gaban tsohon yadda ya saba durƙusawa kowace kaka.

"Baba, ban ɗauki kuɗin kowa ba. Ka san ni. Ka bar min rumbunka a buɗe shekara bakwai, ko zangarniya ba ta ɓata ba." Ya ɗago kai ya dube shi. "Baba, aikin ya cika?"

"Wane aiki?" in ji Baba Haggai. "Dawar da ka taɓa ma sai an yi mata addu'a kafin mu ci. Tashi ka fita. Kar in sake ganin sawunka a gonata."

Mika ya daɗe a durƙushe kamar bai ji ba. Sannan ya tattara yagaggiyar rigarsa ya miƙe. Aka dare masa hanya, mata na janye yaransu kar inuwarsa ta taɓa su. A bakin ƙofa Saloma ta ƙwalla kiran sunansa. Ya tsaya, bai juyo ba.

"Ke kika faɗa mata?" ya tambaya.

Ta sunkuyar da kai, kuma hakan ya ishe shi. Ya fita.

Saloma ta ja jiki ta rungume ƙafar ubanta, wadda ke kan takardar, tana jan ta da hannu biyu. Tsoho ne, amma ƙafar ta manomi ce, ko gezau ba ta yi ba.

"Baba, ka gani," ta ce ƙasa-ƙasa, don shi kaɗai. "Na ga ka gani. Ɗaga ƙafarka, Baba. Don Allah ɗaga ƙafarka."

Ya sunkuyo kamar mai lallashi, ya dafa kanta.

"Na gani," ya ce a kunnenta. "Uwarki ce. So kike mutanen Danko su koma gida su ce matar Haggai ɓarauniya ce? Shi ba shi da kowa, zai warke."

Ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan sabuwar rigarsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Tashi ki share fuskarki. Ki ɗebo ruwa ki kawo wa Joel, ya ɓata hannunsa."

Ta juya. Joel yana tsaye a bayanta yana murmushi, ya riga ya miƙo hannuwan biyu, jinin Mika bai bushe a kansu ba.